Gidan da Aka Sayar Mana Mu Biyu a Maamobi

Shin Malam ya san abin da yake yi, ko kuwa taurin kansa ne kawai Allah ya juya ya zame mini rufin asiri? Da wannan tambaya nake kwana nake tashi tun ranar da aka fita da shi daga tsakar gidan nan, kuma mai ba ni amsa yana maƙabarta. Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. Wata malamar makaranta da ke haya a layinmu ce take rubuta wannan, ina faɗa tana sawa, in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni.

A lokacin ni mai koko da ƙosai ce a bakin titin Nima, a nan Ankara ta ƙasar Gana. Malama ta ce shekarun saba'in ke nan, 'yan shekaru bayan an kori baƙi daga ƙasar. Maigidana tela ne, manyan riguna yake ɗinkawa, kuma shi yake jan salla a ɗan masallacin layi in liman bai zo ba, shi ya sa kowa ke ce masa Malam. Allah ya ba mu haihuwa amma bai bar mana ba, duk sun koma tun suna goye. Muna zaune a ɗaki ɗaya na haya kusa da babban kwatami, in aka yi ruwan sama sai mu ɗora katifa a kan keken ɗinki mu tsaya muna kallon takalmanmu suna yawo. Ba ni da wani buri a duniya sai in kwana a ƙarƙashin rufin da babu mai cewa in tashi.

Wata rana aka kawo wa Malam labarin wani gida a Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da Nima. Mai shi yana cikin waɗanda aka kora, ya bar gidan amana a hannun wani ɗan'uwansa, shi kuma ya ce an aiko masa ya sayar. Gidan ƙasa ne da aka shafe da siminti, ɗakuna jere biyu suna kallon juna, ƙofar shiga ɗaya, famfo ɗaya a tsakiya. Muka haɗa abin da muka tara, na sayar da 'yan kunnen zinaren da na gada wajen uwata. Aka yi ciniki irin namu na Zongo, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi a nan: a ƙofar masallaci bayan la'asar, gaban liman da dattawa, aka miƙa kuɗi, aka yi fatiha, aka raba goro. A wurinmu magana ta ƙare ke nan.

Amma a garin nan gini daban, ƙasa daban. Ƙasar ta mutanen Ga ce, 'yan asalin wurin, kuma duk wanda ya sayi gida sai ya je gidan masu ƙasar ya nuna kansa, ya kai musu kwalbar giya da ɗan abin da suke kira kuɗin sha, sannan su san da zamansa. Dattawa sun gaya wa Malam. Ya ce hannun da yake ɗaukar Alƙur'ani ba zai ɗauki kwalba ba. Suka ce to ya kai kuɗi zalla, haka kowa yake yi. Ya ce kuɗin ma ai sunansa kuɗin sha, zai duba. Ni kuwa har alfahari na yi da shi a wajen mata, ina cewa mijina ba irin waɗanda ake lanƙwasawa ba ne. Muka tare, na shafa farar ƙasa a bango, na kafa murhuna.

Ba mu rufa wata biyu ba sai ga wata motar kaya ta tsaya a ƙofa da hantsi. Wani mutum dogo ya sauko da matarsa da yara, ana ta sauke gado da tukwane da kayan sassaƙa. Kafinta ne, Kirista, mutumin Ewe daga wajen Volta. Mutanensa suna ce masa Efo, yadda suke kiran babban namiji, mu ma da haka muka san shi. Ya tarar da ni ina tace gasara, ya gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni yaushe za mu kwashe kayanmu, don an gaya masa 'yan hayar da ke ciki sun kusa tashi. Ashe mai riƙon amanar nan ya sayar mana, ya juya ya sayar masa, ya haye iyaka ya shige Lome. Shi kuma Efo ya je wajen masu ƙasa, sun karɓi shansa, sunansa suka sani.

Kafin azahar layin ya cika. Samarin unguwa suka zo da sanduna, suna cewa ba wanda zai fitar da Malam daga gidan da aka yi wa fatiha. Ni ce a gaba, ɗankwali a ɗaure a ƙugu. Matar Efo ta zauna a kan ƙullin kayanta a bakin titi, ta rungume ƙaramin ɗanta. Malam ya dawo daga shago, ya tsaya ya dubi kayan nan da ke zube a rana, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce wa samarin su tafi, ya shiga ya ɗauko tabarmarsa ta salla ya shimfiɗa wa mutumin a inuwa, ya ce in kawo ruwa. Na kawo, amma yadda na dire kofin sai da rabi ya zube.

Aka yi ta zama a gaban mai unguwa. Wasu suka ce a tafi kotu, wasu suka ce kafin alƙali ya yanke hukunci lauyoyi sun cinye gidan har da ƙofarsa. Efo yana da masu ƙasa, Malam yana da shaidu da unguwa. A zama na ƙarshe Malam ya ce shi abin da ya gani, ɓarawo ɗaya ne ya cuci mutum biyu, kuma bai ga dalilin da zai sa su biyun su ƙarasa wa ɓarawon aikinsa ba. Ya ce jeren gabas nasa, jeren yamma na Efo, famfo da ƙofa na kowa. Efo ya miƙa masa hannu. Na yi kwanaki ban yi wa Malam magana ba, sai dai in ajiye masa tuwo in juya.

Daga nan na ɗaura aniyar katanga. Na ce tunda an raba, a raba da gaske, a ja bango a tsakiya, kowa ya fasa ƙofarsa. Na shiga adashi, duk ɗaukar da na yi sai in sayi bulo in jera a gindin famfo. Malam bai taɓa cewa a'a ba. Sai dai ya ce bari damina ta wuce, in ta wuce ya ce siminti ya yi tsada, in ya sauko ya ce magini ya tafi Kumasi. Efo ma sau da yawa yana ce masa ya zo su je wajen masu ƙasa a sa sunansa a rabinsa, shi zai ɗauki kwalbar da hannunsa, Malam ya tsaya a waje in ya so. Malam ya ce zai duba. Bulon nan har ya yi gansakuka, ya zama wurin zaman yara da shanyar tukwane.

Ban san ranar da zuciyata ta sauko ba. Na dai lura matar Efo ta daina shigo da naman da ta san ba ma ci, ba tare da kowa ya roƙe ta ba. In azumi ya zo sai ta kwashe girkinta na rana ta koma bayan ɗaki. Ni kuma na saba da waƙoƙinsu na safiyar Lahadi har ina bi da baki ban sani ba, sai ta kama ni ta ce saura kaɗan ta saya mini farar hula ta kai ni coci. Na ce mata ta fara koyon dama koko ba gudaji tukuna. Mazan kuwa kullum da safe wasa ɗaya suke yi ba sa gajiya.

"Ɗan hayana, an tashi lafiya?" in ji Malam.

"Kai ne ɗan haya, Malam. Wata ya ƙare, ban ga komai ba."

"Ka zo shago ka karɓa, zan biya ka da maɓalli."

A shekarar yunwar nan da aka koro 'yan Gana daga Najeriya, lokacin da gero ya ɓace a kasuwa na daina koko, 'yan'uwan Efo suna aiko masa da gari da busasshen kifi daga ƙauye. Matarsa ba ta taɓa buɗe buhu ita kaɗai ba, sai ta kira ni mu buɗe tare. Yaranta a bayana suka girma, Mma suke ce mini. Ni da na binne nawa duka, sai ga ni ina yi wa wasu kitso ina rakiyarsu makaranta.

Malama, dakata kaɗan.

Ciwon Malam hawan jini ne, ya kayar da shi a shago, ɓarin jikinsa ya mutu, magana ta koma sai ɗai-ɗai. Efo ne yake ɗaga shi ya kai shi bayan gida, shi ya sassaƙa masa kujera mai jingina da ake fito da shi ya sha hantsi. Ranar da ya cika, Efo ya tsaya a bakin masallaci da hularsa a hannu har aka idar da salla, sannan ya bi maza har maƙabarta.

Ina fita takaba sai 'ya'yan ƙanen Malam suka zo daga Kumasi. Ban ga laifinsu ba, gado haƙƙinsu ne, ni rubu'i ne nawa tunda babu ɗa. Amma lokacin gidajen Maamobi sun yi daraja, masu kuɗi suna saye suna rushewa suna ta da bene da shaguna. Sun zo da dillalinsu, mai saye yana jira. In aka sayar, abin da zai zo hannuna ba zai saya mini ko ɗaki ɗaya ba, sai in koma haya da tsufana, ko in bi su Kumasi in zauna a gidan da ban san kowa ba. Dillalin ya je wajen masu ƙasa, suka ce su ba su san wani Malam ba, Efo suka sani. Ya dawo ya ce abu mai sauƙi ne: ga bulo nan a jere, a ja katanga, a kai kuɗin sha, rabin ya tsaya da kansa, a sayar. Har ya yaba mini, wai Hajiya ta yi hangen nesa da ta tanadi bulo.

Aka kira Efo gaban liman. Ya tsufa lokacin, yana dogara sanda. Suka yi masa bayani, har dillalin ya nuna masa cewa in ya yarda a haɗa da nasa rabin zai samu abin da zai gina gida biyu a garinsu. Ya saurara har suka gama, sannan ya ce da Hausarsa ta Zongo:

"In Mma ya ce a gina, ni da hannuna zan ɗora bulo na fari. In Mma bai ce ba, ba mai taɓa ƙasan nan."

Duk suka juyo suna kallona. Bulon nan nawa ne, da gumina na saye shi, shekara da shekaru ina gori a kansa. Na ce ba za a gina ba. Babban cikin magadan ya ce, Inna, kin fifita bare a kan jinin mijinki ke nan? Na ce masa ban hana ku haƙƙinku ba, ɗana, wurin kwana kawai nake nema. Liman ya shiga tsakani, aka daidaita: ni in zauna a ɗakina har ƙarshen raina, sauran ɗakunan jerenmu a zuba 'yan haya, kuɗin yana tafiya Kumasi. Bayan raina su da 'ya'yan Efo su san yadda za su yi. Sun tafi ransu a ɓace, amma da Salla ƙaraminsu ya aiko mini da atamfa.

Ga abin da nake so masu karatu su ji. In za ku sayi gida a Zongo, kada ku tsaya a goro da fatiha. Ku nemi mai gidan na ainihi ko da yana wata ƙasa, kada ku yarda da bakin mai riƙon amana shi kaɗai. Ku je wajen masu ƙasa kafin ku miƙa ko sisi, in kwalba ce ba ku so, ku tambayi malamai hanyar da za ku bi, amma ku je. Kada wani ya ce ai tsohuwar nan sakacin mijinta ne ya cece ta. Da wani muka haɗu da shi ba Efo ba, da tun ranar farko muna titi, kuma da ya so, ranar da Malam ya rufe ido zai iya cewa gidan duka nasa ne, babu mai ƙaryata shi. Kuma kada ku yi saurin ja wa maƙwabci bango saboda ba addininku ɗaya ba. Ni na yi shekaru ina tara abin da za a fitar da ni da shi daga gidana, ina ganin dabara nake yi.

Na gode wa Allah, na gode wa mutanen nan. Yau jikar Efo ce take ɗebo mini ruwa, matarsa ce take leƙo ni kowace safiya ta ce ko tsohuwa ta mutu ne a raba tukwanenta. Amma kujerar Malam tana nan, kuma har yanzu in na dama koko sai in zuba kofi biyu kafin in tuna.

Abin da ya sa bakina bai yi rawa ba a gaban liman, ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Ana gobe zai rasu, mun fito da shi hantsi, ina ba shi koko da cokali. Efo yana can ƙofarsa yana feƙe katako, matarsa tana wanki a famfo. Malam ya kawar da kai daga cokalin, ya kama bakin zanena da hannunsa mai lafiya, ya ja ni kusa. Da ƙyar maganar ta fito, kuma daga ita bai ƙara ce mini komai ba.

"Mai koko, bulon nan, kada ki bari a ɗora ko ɗaya. Ban bar miki ɗa ba. Su na bar miki."