Ba Baba Nomau ne ya kashe Yaya Garba ba

Shekara shida ke nan cif da rasuwar wana Garba, direban babbar mota mai ɗaukar auduga daga Malumfashi zuwa gidan gurza a Funtuwa. Allah ya jiƙan shi. Ban zo yabo ba, an yi masa isasshe. Magana gare ni.

Motar tsohuwa ce, ta mahaifinmu, giya huɗu gare ta, in ta doshi tudu sai ka ce tsohon jaki. Sauran direbobi na wuce shi suna ɗaga masa hannu. Ni ma ban raga masa ba, kullum zai mayar da ni makaranta sai na ce ƙafata ta fi motarsa sauri. Ana haka ya samo akwatin giya na wata sabuwar mota da ta kife, mai giya biyar, ya kai wa Baba Nomau, Bamagujen nan da ya koyo kanikanci a soja. Kwana tara Baba Nomau yana huda ƙarfe yana yanke sandar da ke juya ƙafafun baya, har abin ya zauna daram.

Ina garejin ranar da aka gama. A kan sabuwar sandar giya akwai baƙin ƙulli da aka zana lambobi, kowace da gurbinta. Yaya ya kwance shi ya ajiye, ya ɗaura na tsohuwar motar, na itace, wanda aka ɗinke da jar fata da laya a ciki.

"Garba, mayar da wancan," in ji Baba Nomau. "Inda ka saba samun biyu, yanzu huɗu ce."

"Haba Baba, shekara goma hannun nan yana aikin. Sai na duba allo kamar ɗan makaranta?"

"Hannun ne abin tsoron, ɗan nan."

Na ji da kunnena. Dariya na yi.

Kwana uku bayan nan muna gangarar rafi kafin Funtuwa, auduga har sama, ina gefensa. Birki ya yi zafi ya fara saki. Ya kai hannu ya sa biyu don inji ya riƙe motar, kamar yadda ya yi sau dubu. Sai motar ta zabura. "Ba ita ba ce!" Abin da na ji ya faɗa ke nan na ƙarshe. Ni na tashi da karayar hannu.

Kafin sadakar uku gari ya gama shari'a: an ba arne gyara, me ake jira? Tun daga nan ba wanda ya sake kai wa Baba Nomau ko keke. Ya rufe gareji ya koma gona wajen Maska. Bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba.

Yau ko'ina ka leƙa ana dasa sabuwar giya a tsohuwar mota, direba ya hau ya tafi ba tare da ya yi ko zagaye ɗaya babu kaya ba. Da Yaya na nan, na san tsaki zai fara yi, don bai son a koya masa aiki. Amma abin da aka yi wa tsohon nan ba zai kwana da shi ba. Mutum ne da bai taɓa bari wani ya ɗauki kayansa ba.

Me ya hana ni magana? Layar. Inna ce ta samo ta, ita ta sa shi rantsuwa ba zai tuƙa mota ba sai da ita a tafin hannu. In na faɗa, a wuyanta laifin zai faɗo. Sai na bari wani ya ɗauka, shekara shida. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne; na shiru ya fi shi ƙunci.

Motar ta ruɓe, gudun da muke nema bai amfane mu ba. Abin da ya saura na Yaya halin nan ne kawai, kuma ina so in ga ko na gaje shi. Inna ba ta karatu, amma maƙwabta suna yi. Ba zan bari ta ji a bakinsu ba. Da na sa wannan takarda a gidan waya zuwa ga jarida, ɗakinta zan nufa.