Ƙwaya Biyu Kafin Awon Jini

Shekara ashirin da uku maigidana yana tuƙa bas ɗin ma'aikata, ko madubi bai taɓa fasawa ba. Tirela za ta yanko gabansa, ya taka birki ya ci gaba da jin rediyonsa. Amma a ɗaura masa robar awon jini a dantse, sai gumi, sai zuciya dukan uku-uku.

Kamfani ya kawo doka, direban da jininsa ya hau ya ajiye makulli. Sau biyu ana auna shi yana hawa, alhali a gida, da na'urar da 'yarmu ta kawo, lafiya lau. Nas ɗin da ke auna shi, Allah ya saka mata, ta zaunar da shi ta ce tsakanin ƙwaƙwalwa da zuciya akwai jijiyoyi, wasu totur wasu birki, kuma ba sa neman izinin kowa. In tsoro ya zo sai zuciya ta ƙara gudu, hanyoyin jini su tsuke. Ta ce ya dawo Litinin da awon gida a rubuce, ya huta minti goma kafin a gwada.

Ni na rubuta awon nan, safe da yamma, kwana shida. Amma ina! Maganar gareji ta fi tawa daɗi. Wani bakanike da suke kira Dogo, wanda ko karburato ba ya gyarawa sau ɗaya, ya ba shi nasa maganin hawan jini, wai ya haɗiye biyu don ya tabbata.

Ran Litinin ya haɗiye su, awo ya yi kyau. Ya miƙe zumbur zai karɓi takarda, jini ya gangara ƙafa, jijiyoyi suka nemi zuciya ta ƙara sauri, magani ya riƙe ta. Sai ga mutum warwas a ƙasa. Likita ya ce hawan jini ana lallaɓa shi, amma ba zai sa hannu direba mai suma ya ɗauki mutum talatin ba.

Takaici kamar in fashe. Na tanadi faɗa na kwana bakwai. Washegari da safe na same shi tsaye a taga, bas ɗin na wucewa, wani ne a sitiyari. Ya saurari canjin giya har ƙarar ta ɓace.

"Zai kashe kulocin nan," ya ce.

Na koma kicin na ɗora masa ruwan shayi.