Kofin Shayin da Aka Ware Mini

Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu tambaya ina Rahila mai zoɓo ta shiga, ga ni, ban mutu ba. Tarin fuka na yi.

Tari ya fara mini a daminar da sojoji suka karɓi mulki. An rufe iyaka, wuta ta zama sai an ga dama, firjina ya koma akwatin ajiye kwanuka, sana'ata ta tsaya. Da na fara ramewa kowa ya ce tunani ne, ni ma na yarda. Na sha maganin mura da na zazzaɓi har na gaji, zane yana zamewa daga ƙuguna.

Ranar da na tofa kaki na ga jini, mijina Ayuba ya ɗauko mini mayafi muka tafi asibiti.

Aka ba ni ɗan gwangwani in tofa a ciki. Hoton ƙirji kuwa sai Yamai, ga hanya cike da shingayen bincike, ina tari fasinjoji suna juya mini ƙeya. Firjin nan muka sayar muka yi kuɗin mota da na hoto.

Likitan ya dube ni ya ce, "Madam, ciwon ga yana warkewa, maganin kuma kyauta na. Amma wata shidda za ki sha, ko kin ji lahiya kar ki bari."

Ƙwayoyin manya ne, ana shan su da safe ciki babu komai. Fitsarina ya koma ja, gaɓoɓina suka riƙe, ƙamshin miya ma tayar mini da zuciya yake. Na ji tsoro ƙwarai. Na yi wa Ubangiji faɗa kamar yadda ake yi wa na gida, na ce me na yi maka? Abin da ya riƙe ni shi ne sanin cewa Yesu ma ya yi kuka a kan gicciye, ya san ciwo a jikinsa, ba labari aka ba shi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na yi wannan rubutu.

Mu masu bin Yesu a Filinge ba mu da yawa, ɗaki guda ya ishe mu. A Jibin Ubangiji, wanda muke yi duk wata don tunawa da mutuwar Yesu, kofi ɗaya muke zagayawa da shi, kowa ya kurɓa ya miƙa wa na kusa. Shekara da shekaru ni ke dafa zoɓon da ake zubawa a ciki, ni ke wanke kofin. Ina kwance ina lissafin ranar da zan sake riƙe shi.

Lokacin da nake yaɗa ciwon, da kaina na janye daga taron sujada, kuma daidai ne. 'Yan'uwa sun yi mini addu'a, sun aiko da fura da kunu, ban manta ba.

Gwajin ƙarshe ya fito babu komai. Likita ya ce na warke, ba na sa wa kowa. Ayuba ya je ya gaya wa dattawan ikilisiya. Ranar Lahadi aka tsayar da ni gaba, aka yi waƙa, aka yi guɗa, aka ce Allah ya yi abin al'ajabi.

Sai aka zo Jibi. Kofi ya taho layin mata, ya iso ga wadda ke gefena. Na miƙa hannu. Dattijonmu Malam Ishaya ya karɓe ya tsallake ni da shi, ya miƙo mini ɗan kofin shayi da aka riga aka cika aka ajiye.

A hankali ya ce, "Yi hanƙuri ɗiyata, wanga naki na. Don hankalin mutane shi kwanta."

Waɗanda suka gama yi mini guɗa duk suka sunkuyar da kai. Wata shida na magani bai yi mini ɗacin wannan kurɓin ba.

Na sha rabi. Inna Saratu, tsohuwar da ke zama a bayana, ta miƙo hannu ta karɓe ta shanye sauran.

Ta ce, "Jinin da ya hwanshe ta shi ya hwanshe ni. Mi za a rabawa?"

Na ɗauka magana ta ƙare. Da wata ya zagayo, sai ga kofin shayi biyu a kan tire, ɗaya nawa, ɗaya na Inna Saratu.

Ina gode wa Allah da ya bar ni da rai. Ina gode wa Ayuba da ya yi ta wanke mini gwangwanin kaki bai taɓa yamutsa fuska ba, da maƙwabciyata Hajiya Zali da ta riƙe mini yara, da ma'aikatan asibiti.

In tari ya wuce mako biyu, ku je a gwada kaki. Kar ku yanke magani don kun ji sauƙi. In likita ya ce mutum ya warke, ku yarda da shi, ko kuwa ku bar yi masa guɗa.

Wasu sun ce in daina zuwa. Ba zan daina ba, teburin Jibi ba na Malam Ishaya ba ne. Har yanzu raina a ɓace yake, ban iya yafewa ba tukuna, ina roƙon Ubangiji ya koya mini. Kowane Jibi ina miƙa hannu ga babban kofin kafin a ba ni ƙaramin, don su gani da idonsu duk lokacin da suka tsallake ni.