Kakar da Ba Su Ci Wasa Ba

Shekarar da aka rushe gidanmu na Nakkasa muka koma haya a Kudai, ni da Umma da ƙanena, wanda ya gama karatu a Amurka ya dawo bai samu aiki ba. Can ya koyo son wata ƙungiyar ƙwallon Amurkawa, irin ƙwallon nan da ake rungumewa a ruga da ita.

Duk Litinin bayan la'asar, in na dawo daga shago, nakan tarar yana kallon wasan jiya a waya, sai in zauna gefensa. Ban san dokokin ba, ban kuma tambaya ba. Ƙarti masu hular kwano su yi karo su zube, su tashi su sake jeruwa.

"An sake cinye mu, Yaya," yakan ce, ko ɗago kai ba ya yi.

Haka kakar wasannin ta ƙare ba su ci wasa ko ɗaya ba. Ranar ƙarshe na tambaye shi ko zai sauya ƙungiya.

"A'a, na saba da su," in ji shi.

Ban ji tausayinsa ba, ban ji haushi ba. Umma ta miƙo shayi muka sha.