Mai Duba Makarantun da Ya Nome Gonar Babana

Ina cikin aji da hantsi, alli a hannuna, wayata ta yi ƙara. Malama Rifkatu ce, wadda ta daɗe tana buga takardu a ofishin ilimi na ƙaramar hukumarmu. Ko gaisuwa ba ta iya ƙarasawa ba. Ta ce, "Ɗanlami, Baba Isyaku ya tafi." Na yi salati, na zauna a bencin ɗalibai. Ya cika ne a gidansa na Yalwawa a Dutse, bayan jinyar da shi bai taɓa yarda a kira ta jinya ba.

Malam Isyaku mai duba makarantun firamare ne a yankinmu na Buji har ya yi ritaya. Wasu masu dubawa in sun zo, ofishin hedimasta suke sauka, a kawo kujera, a kawo ruwa. Shi kuwa yana kashe babur sai aji. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya nuna gurbin da babu kowa, ya tambayi yara, "Wa ke zama nan?" Yakan ce, "Gini ba ya guduwa, me zan duba a jikinsa? Yara aka aiko ni dubawa." Da damina kuma, inda wasu ke ɗaure jaka a bayan babur, shi fartanya yake ɗaurewa. Mun sha yi masa dariya, don ba mu san amfaninta ba.

Ni na sani, a shekarar da nake aji shida. Yayana ya tafi ci-rani bai dawo ba, ciyawa ta taso wa geronmu, babana kuma ciwon baya ya sa shi gaba. Sai ya ce boko ta jira kaka. Jarrabawar shiga sakandare kuwa ta matso, kuma a ƙauyenmu duk yaron da ta wuce shi yana gona, to shi da aji sai dai labari. Na yi kuka a ɓoye, na ɗauki fartanya.

Rannan muna duƙe muka ji babur. Malam Isyaku ya yi sallama, ya tuɓe babbar riga ya rataya a jikin gawo, ya kwance fartanyarsa, ya zo ya tsaya daidai inda nake. Ya ce, "Ɗanlami, je ka wanke ƙafa, an shiga lissafi."

Babana ya miƙe da ƙyar. "Ranka ya daɗe, wannan wane irin abu ne? Ma'aikacin hukuma a gonata?"

"Malam Audu, hannu kake nema, ga hannu."

"Tozarta ni ka zo yi a idon gari!"

"Wane gari? Daga ni sai kai sai Allah."

Na tsaya ina kallon babana. Sai ya daka mini tsawa, "To tsayuwar me kake yi?" Wallahi ban san lokacin da na isa makaranta ba.

Gaskiya dai, Allah Ya jiƙansa, Malam Isyaku bai iya noma ba. Ɗan birni ne. Babana yakan rantse cewa rabin abin da ya sare ranar gero ne, kuma don ya ceci sauran ne ya sake ni. Shi ma Malam ya san iyakarsa. Daga gonar, gidan mai unguwa ya nufa, aka shirya gayya ranar Asabar, malamai da samarin gari suka nome gonar tas. Abin ya zama al'ada a ƙauyukan da yake zagayawa: uban da ya bar ɗansa a aji, gari zai shiga gonarsa. Yakan gaya wa malamai, "Kafin ka yi wa uba wa'azin ilimi, tambaye shi me aka ci jiya a gidansa."

Na ci jarrabawa, yau ina koyarwa a Kafin Hausa. Amma babana bai taɓa yi masa godiya ba. Duk inda suka haɗu sai ya ce, "Ga ɓarawon ɗana nan." Malam ya amsa, "Ga mai gonar da ba ya ba ɗan ƙodago fura." Su yi dariya, amma na san har zuci babana yana jin zafin, don ban sake komawa gona ba.

Da na kai masa labarin rasuwar, ya ce a nemo mota. Muka ce tsufa, muka ce hanya, ya ce ko a amalanke ne sai an kai shi Dutse. A ƙofar ɗakin Hajiya, matar marigayin, ya durƙusa, ita tana bayan labule. Ya ce, "Hajiya, mijinki ya ɗauke mini ɗa daga gona, na daɗe ina jin haushinsa. Yau jikokina ni nake kora su makaranta da sanda. Na so in gaya masa da bakina cewa shi ke da gaskiya, kullum sai in ce sai haɗuwa ta gaba." Sai hawaye. Tunda nake ban taɓa ganin kukan babana ba sai ranar.

Ya Allah, bawanka Isyaku ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya kowane harafi da muka koya a mizaninsa. Ka ba Hajiya da 'ya'yansa haƙuri, Ka tsaya musu yadda ya tsaya wa 'ya'yan mutane. Godiyar da babana bai samu ya yi masa ba kuwa, Ya Rabbi, Ka isar masa da ita. Amin.