Gyaɗar Gwaggo a Kan Faifai

Jiya na leƙa ajin da 'yata Hauwa ke koyarwa a nan Tudun Wada, na tarar tana jera murafun kwalba a kan tebur, yara suna faɗin kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Nan take na tuna marigayiya Gwaggo, yayar mahaifina, tsohuwar malamar firamare.

Da Hauwa tana ƙarama ba ta haɗa magana, sai dai ta nuna da yatsa ta ce "ruwa". Maƙwabta har sun fara cewa ba za ta iya karatu ba. Gwaggo ta ji, ta ɗaure fuska ta ce mini, "Kawo mini ita. Kai kuma ka daina ƙarasa mata zance."

Bayan la'asar Gwaggo takan zauna da ita a tsakar gida da faifai da soyayyar gyaɗa mai ɗumi, ƙamshi har zaure. Duk kalmar da Hauwa ta faɗa, sai ta ajiye ƙwaya ɗaya, amma ba a ci sai magana ta cika. "Wa ke so? Me take so?" Haka takan tambaye ta, sai ta jira amsa, ko da tuwo na ƙonewa.

Wata rana Hauwa ta bi ƙwayoyin da yatsa ta ce, "Gwaggo, ni ina son gyaɗar duka." Gwaggo ta tura mata faifan, ta dube ni. "Je ka gaya wa maƙwabtan."

Yau yarinyar nan ake kira Malama. Allah Ya haskaka kabarin Gwaggo, Ya kai mata ladan duk bakin da ya buɗe a ajin nan.