Mayafin da Aka Yaye Daga Kwamfutar Malama Lumturije

Na Allah muke, kuma wurinSa makomarmu take. Ranar Laraba, takwas ga Oktoba, Allah Ya karɓi ran Malama Lumturije Kaloshi, abokiyar aikina a makarantar ƙauyenmu da ke duwatsun Dibra, bayan gajeriyar jinya.

Lumturije, shekara talatin ajina na jikin naki, ban taɓa ganin kin sunkuyar da kai don tsoron wani ba. Da iyaye suka kwashe yara zuwa Italiya da Jamus, ofishin ilimi ya ce ɗalibanmu sun yi kaɗan, za a rufe makaranta. Waɗanda suka rage sai a riƙa kai su gari a mota, kan hanyar da ƙanƙara ke toshewa duk hunturu. Mu muka tsaya zage-zage a ɗakin malamai. Ke kuwa kika yi rajistar digiri na biyu ta intanet, a fannin koyarwa da na'ura, kina da jikoki huɗu.

An yi miki dariya har da riƙe ciki. Sabis ba ya kamawa sai a rumfar ciyawar shanunku, can kike sauraron lacca cikin rigar sanyi, saniya na hura miki hanci a ƙeya. Na ce miki, "Yaya, da furfurar taki?" Kika ce, "Gemu ma bai hana ilimi ba, balle ɗan gashin nan."

Daga karatun nan kika buɗe ajin Asabar. Yaranmu na ƙetare suna shigowa ta kwamfuta, na gida suna kan benci, a yi karatu tare da harshen iyayensu. Hujjarki ita ce su ma ɗalibanmu ne, a ƙidaya da su. Saura wata guda ki kare binciken a gaban malamanki ajali ya riga mu.

A al'adarmu kowa ya san a gidan makoki ba a kunna talabijin ko rediyo sai an yi arba'in. Ƙanwar mijinki ta lulluɓe su da baƙin mayafi, ta haɗa da kwamfutarki. Ranar Asabar muna zaune, Malam Ardian na ofishin ilimi ya zo gaisuwa. Bai gama shan gahawarsa ba ya fara faɗin wai yanzu dai batun makaranta ya ƙare. Sai mayafin ya hau ƙara. Lokacin aji ne ya yi.

Ƙanwar ta yi wuf za ta kashe. Mijinki Ramiz ya miƙe ya ce, "Bar shi, Hajrije. Wannan ba talabijin ba ce, ajinta ne." Ya yaye mayafin da hannunsa.

Fuskoki suka cika allon, kowane yaro da littafinsa. Sun san kin rasu, sun zo ne kawai. Wata ƙarama daga birnin Turin na Italiya ta ce, "Baba Ramiz, sannu da haƙuri. To wa zai duba mana aikin gida?" Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Malam Ardian ya ce hoto a allo ba ɗalibi ba ne. To ya ji da kyau: hoto ba ya zuwa ta'aziyya. Ba mu rufe komai ba, kuma ba za mu rufe ba. Duk mai son sa kwaɗo a ƙofar makarantar nan, ya zo ranar Asabar ya faɗa wa yaran ido da ido.

Allah Ya jiƙanki, Lumturije, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ajin nan ya zame miki sadaka mai gudana. Ya ba Ramiz da 'ya'yanki da jikokinki haƙurin rashinki. Aikin gidan yaran yana hannuna, na fara dubawa.